Amsa Kan Makomar Masu Cin Abinci da Fetur

Malam, ka tambayi makomar masu cin abinci da fetur da kwal idan duniya ta koma sola. Ni gyaran janareta ne sana'ata a Kano, kuma abin da kake hange ya riga ya iso mana, ko sallama bai yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu shaguna da masu cajin waya suka fara jingine janareta suna haɗa sola. Kwastoman da nake gani duk wata, yanzu sai dai mu gaisa a wajen ɗaurin aure.

Ban ƙi sola ba, na ma koyi haɗa ta, amma da kuɗina, kuma da sauran ƙarfina. Maigidana da ya koya mini aiki ya haura sittin. Wa zai ce masa ya hau rufin kwano ya ɗaura faranti?

A ganina adalcin yana ga lokaci. Jamus ta yanke shawarar daina haƙar kwal na ƙarƙashin ƙasa tun 2007, amma sai a Disamban 2018 aka rufe ramin ƙarshe a garin Bottrop. A tsakani, dattawan ma'aikata suka yi ritaya da wuri da haƙƙinsu, matasa aka koya musu wani aikin. Afirka ta Kudu kuwa ta kashe tashar lantarki ta Komati mai aiki da kwal a Oktoban 2022 kafin sabon aikin ya kankama. Ma'aikatan dindindin na Eskom, kamfanin lantarkin ƙasar, an sauya musu wurin aiki, amma 'yan kwantiragi da mutanen garin da ke ci daga tashar su suka ji a jikinsu, duk da kusan dala miliyan 500 da Bankin Duniya ya amince a kashe a wurin.

To mu nan yawancinmu irin mutanen garin Komati ne. Ɗan bumburutu, yaron direban tanka, mai tuwon da ke bakin dafo, babu mai takardar ɗaukar aiki balle fansho. Direban tanka ko ba komai yana da NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan mai, da za ta yi magana da yawunsa. Don haka duk wanda ya zo muku da shirin koyar da sola, ku fara tambayarsa: sunan wa ke cikin takardar, kuma bayan horon wa zai ba da jarin sayen kayan aiki?