Gandu, Jingina da Taki: Kalmomin da ke Cikin Tsofaffin Takardun Gona

Tambayoyin wannan makon kusan duk daga masu neman asalinsu suka fito, waɗanda suka tono tsofaffin takardun gonaki da gidaje, kalmomin ciki suka ɗaure musu kai.

Malam, a wata takarda an rubuta cewa kakanmu yana "cikin gandun wane". Ke nan gonar tasa ce?

A'a, ɗan'uwa. Kalmar nan ta gandu ita ce ta fi shan wahala a bakin mutanen yanzu, don an mai da ita babbar gona kawai, wasu ma ba su san ta ba sai a "gandun daji". Gandu gona ce, amma kuma mutane ne. Uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa bayan rasuwar uba, suna noma wuri ɗaya, rumbu ɗaya, mai gandu shi ke ciyar da kowa, shi ke biya wa kowa haraji. Shi ya sa ake cewa wane "yana cikin gandu", ko "ya fita daga gandu", ko "gandunsu ya watse". Ai ba a cewa gona ta watse. Wanda ke cikin gandu akan yanka masa ɗan wurin da zai noma wa kansa bayan an tashi daga aikin gandun, shi ne gayauna, wasu wuraren su ce kurga. Abin da ya fito daga gayauna nasa ne, amma ƙasar ba tasa ba ce.

To, takardarka abin da ta faɗa shi ne kakanku yana ƙarƙashin wannan mutumin a lokacin da aka rubuta ta. Wannan babbar riba ce ga mai neman asali, domin sau da yawa mai gandun uba ne ko wa ko baffa, ka ga ka samu suna ɗaya a sama. Sai dai ban yarda a ɓoye ɗaya fuskar ba. Akwai gandun sarki da na masu sarauta da na attajirai, waɗanda bayi ke nomawa, kuma su ma bayin ana ba su gayauna. Matsuguninsu shi ne rinji. Sunayen unguwanni da ƙauyuka masu farawa da "Gandun" ko "Rinjin" daga nan da yawansu suka samo asali. Don haka kafin ka rubuta cewa mai gandun jininku ne, nemi wata shaidar: a gani ko ya gaje ku ko kun gaje shi. Wanda ya shiga neman asali ya shirya karɓar abin da ya tarar. A tsohuwar Hausa ma gandu na nufin abin da ƙasa ke kai wa sarkin da ya fi ƙarfinta duk shekara, amma wannan ma'anar ba ta shafe ka ba.

Mene ne bambancin kango da kufai?

Kango gini ne da aka bari ba kowa, ko bai faɗi ba. Kufai wurin da gari ko gida ya taɓa zama ne, mutane suka tashi. Gonar da aka bari ta huta kuwa saura ce.

Malam, gonar da muke cewa ta gado, takardarta ta ce "jingina". Ba saye ba ne?

Ba saye ba ne, kuma ina mamakin yadda ake haɗa su. Kalmar da kanta ta faɗi ma'anarta: ka jingina sanda a bango, za ka dawo ka ɗauki abinka. Mai gona ya karɓi kuɗi, ya bar gonar a hannun mai kuɗin yana nomawa, ran da aka mayar da kuɗi gona ta koma gida. Ko shekara arba'in ta yi, sunanta jingina. Abin da ke faruwa shi ne masu maganar su mutu, shaidu su mutu, jikoki su tashi su tarar ubansu na noma wurin, sai su ce gado. Rigimar gona da yawa daga nan take tashi.

Hanyoyin da gona ke shiga hannun mutum kowace da sunanta: gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina, sai kuma saran daji, wato mutum ya share jeji da izinin dagaci ya mai da shi gona. Idan takardar da Larabci take, za ka ga *rahn* a madadin jingina, *hiba* kyauta, *ariya* aro, *bai'* ciniki. Ga mai bin diddigin zuriya, kalmar nan guda ɗaya ta fi girman gonar amfani. Saran daji yana nuna kakan ku baƙo ne ko sabon zama a wurin. Saye yana nuna ya zo da abin hannunsa. Gado yana cewa ka ƙara hawa sama, akwai wani kafin shi. Kuma kada ka tsallake iyakokin, inda aka ce gabas wane, yamma wane, kudu burtali. Gonar gado idan an raba ta, 'yan'uwa ne ke zama maƙwabtan juna, saboda haka sunayen iyaka sukan fito maka da baffannin da aka manta.

Na ga "kuɗin taki". Takin zuba wa gona ake saye?

Ba shi ba ne. Wannan takin daga "taka" ya fito. A farkon mulkin Turawa, musamman a ƙasar Kano, an riƙa tura malaman taki su auna gonaki da ƙafa, tsawo da faɗi, a yanka haraji gwargwadon girman gona. Littattafansu littattafan haraji ne, wanda ke biya shi ake rubutawa, wato mai gandu. Ƙanne ba sa fitowa, mata ba sa fitowa, mai aron gona kuma yana iya fitowa kamar tasa ce. Irin waɗannan takardun da rahotannin gundumomi ana neman su a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

To ina za mu samu sunayen kakanninmu mata?

A littafin rabon gado na kotun alkali. Can ba a tsallake kowa, don kowane magaji sai an kira sunansa da rabonsa. Idan kika ga tumuni kusa da sunan mace, matar mamacin ce kuma ya bar 'ya'ya, domin tumuni ɗaya bisa takwas ne. Ushira kuwa ɗaya bisa goma ne da hukuma kan cire daga dukiyar a zamanin da.

An ce mini takardarmu da ajami take, amma wanda na kai wa ya kasa karantawa.

Ina zargin Larabci ce. Mutane sun saba kiran duk abin da aka rubuta da baƙaƙen Larabci ajami, alhali ajami Hausa ce aka rubuta da waɗancan baƙaƙen. Shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, da Larabci aka rubuta su, kuma cike suke da ƙarar gona da gida. Kai wa malamin da ya san fiƙihu kuma ya saba da rubutun warash. Ka lura da shekara ma, ta Hijira ce: 1331 ta yi daidai da 1913 a mafi yawanta.

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Gargaɗi ne kawai?

Yanzu haka ake amfani da shi, a ja kunnen wanda ya yi nisa ya daina zumunci. Ni kuwa a ganina yana ɗauke da hukuncin ƙasa na da. Wanda ya tashi ya bar gonarsa shekara da shekaru, bai bar wakili ba, dagaci na iya bai wa wani. Shi ya sa za ka ga sunan gidanku ya ɓace daga littafin wani ƙauye ba tare da ciniki ko rabon gado ba. Ba mutuwa suka yi ba, ƙaura suka yi, sai ka nemi inda suka sauka.

Takardar shaidar mallaka ta nuna filin namu ne tun asali?

Ba ta nuna ba, kuma "mallaka" ɗin ma mun yi wa fassarar ƙari. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ita kuwa takardar shaidar ta izinin zama ce kawai, galibi na shekara 99. Sunan wanda ya nema kawai za ta ba ka. Fayil ɗin da ke bayanta a ofishin filaye ya fi ta amfani, don a ciki ake samun wanda ya sayar da wanda ya shaida.

"Gadon gida alala ga raggo": mece ce alala?

Wahala ce, abin da ya zame wa mutum kaya. Gadon a nan kuma riƙon gida ne da ɗawainiyar mutanensa.