Amsa: Ana iya hango haɗarin tsuntsaye a filin jirgi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ana iya sanin lokacin da tsuntsu zai yi karo da jirgi, ko kuwa harba bindigar tsoratarwa kawai ya isa. Ƙarar bindiga tana korarsu na ɗan lokaci, amma da sun ga ba ta kashe kowa sai su saba, su dawo kiwonsu.

Hasashen yana yiwuwa, domin yawancin karon yana faruwa ne ƙasa-ƙasa, lokacin tashi ko sauka. Ma'aikata na rubuta wane tsuntsu, wane wata, wace sa'a. A Amurka har ragowar gashin da ya maƙale a inji ake aika wa cibiyar bincike ta Smithsonian don a gane nau'in. Nau'in kuwa shi ne magana: gwara guda ba ta kai garken manyan agwagin daji ba, irin waɗanda suka kashe injina biyu na jirgin US Airways a 2009, har matuƙi Sullenberger ya sauke shi a kogin Hudson da ke birnin New York, mutum 155 suka tsira. Wasu filayen na da na'urar hango abu daga nesa, wato radar, mai nuna motsin garke, musamman lokacin ƙaurarsu.

A ganina, babban aikin shi ne hana tsuntsu abin da ya kawo shi. A zuƙe ruwan da ke kwanciya, a daidaita tsawon ciyawa, kuma hukumar ICAO, mai kula da harkar jiragen sama ta duniya, ta ba da shawarar a sa ido kan juji da makamantansa har kilomita 13 daga filin.