Allura ta nuna sifili, amma wai har yanzu akwai iska?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibin injiniya ne, a dakin gwaji mun kunna famfon zuƙe iska daga wata tukunyar ƙarfe, allurar geji ta sauka har sifili amma malaminmu ya ce ko farawa ba mu yi ba. Kuma giraf ɗin da ya ba mu lambobin gefe 1000, 100, 10, 1, 0.1 ne, tazararsu ɗaya. Dan Allah ya abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminku gaskiya ya faɗa, allurar ce ta kai iyakar ganinta.

Iskar da muke ciki tana danna komai da matsin kusan miliba 1013 a bakin teku (miliba ma'aunin matsin iska ne). Torricelli ɗan Italiya ne ya fara auna shi a 1643, ya kifa bututun gilas cike da ruwan zaiba sai zaibar ta tsaya a wajen milimita 760, shi ya sa wasu gejin za ka ga torr a jikinsu, torr 760 shi ne matsin iskar waje.

To ɗauki rula mai tsawon mita ɗaya ka ce farkonta sifili ƙarshenta miliba 1000. Miliba 1 milimita ɗaya ke nan daga sifili. Miliba 0.001 kuwa kashi ɗaya cikin dubu na milimitar, ko kaurin allurar bai kai ba, alhali nan ne aikin gaske yake somawa. Kamar ka ɗora ƙwayar gero a sikelin auna tirela ne, ba zai motsa ba. A matsin waje, ɗan gurbi mai santimita ɗaya ta kowace fuska yana ɗauke da ƙwayoyin iska kusan 25 da sifili 18 a baya, ko ka rage matsin sau biliyan ɗaya ka kai miliba 0.000001, saura kusan biliyan 25 a wannan gurbin. Ina wofi a nan?

Maganin wannan matsala ta allura da rula shi ne ma'aunin logaridim, wanda ke jikin giraf ɗinku. Maimakon kowane taki ya zama ragi, sai ya zama rabawa da goma, wato sifilai kake ƙirgawa, daga 1000 zuwa 100 taki ɗaya, daga 0.001 zuwa 0.0001 ma taki ɗaya, kowa ya samu fili. Kuma komai saukarka ba za ka tarar da sifili a kansa ba, haka ma babu famfon da ke kwashe iska kaf. Ko bututun LHC, babbar na'urar karo da ƙwayoyin zarra ta cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa wajen 10⁻¹⁰ miliba yake, wato 0.0000000001, ba sifili ba.

Geji ɗaya ba ya iya wannan doguwar tafiya. Mai allura ƙarfin dannawa yake ji. Idan ya gaza sai gejin da ake kira Pirani, wanda aka ƙirƙiro a 1906, wata siririyar waya ce ake zafafawa, in iska ta ragu babu mai kwashe zafin sai wayar ta ƙara zafi, da haka ake gane matsin har wajen 0.001. Ƙasa da nan sai gejin da ke sa wa ƙwayoyin iskar caji su auna lantarkin da ya gudana, irin su Penning. Amma fa a kula, Pirani da Penning karatunsu na canzawa da irin iskar da ke ciki.

Abin da na fi so a giraf ɗin nan shi ne yana tona asiri. Da farko lokacin da famfo ke ɗauka daga 1000 zuwa 100 kusan shi zai ɗauka daga 100 zuwa 10, sai ka ga layi miƙaƙƙe yana gangarawa, can kuma ya lanƙwashe ya kwanta. Galibi danshin da ya manne a bangon tukunyar ne ke fita a hankali, shi ya sa masu neman matsi na can ƙasa suke gasa tukunyarsu, kuma ba a taɓa cikinta da hannu tsirara saboda maiƙo. In kana zargin yoyo ne, rufe bawul tsakanin famfo da tukunya ka zuba wa geji ido: matsin da ke ta hawa bai ɗaya babu tsayawa yoyo ne, wanda ya hau sannan ya soma lafawa danshi ne.