Mu Hausawan Galabat: amsa ga mai tambaya daga Kano

Malam, na ga tambayarka kuma ban ji haushi ba, ko da yake da na karanta wa yayata sai ta ja tsaki ta ce, "Wato har yau ɓatattun alhazai suke ɗaukarmu?" Ka tambayi yadda aka yi muka zo nan, da ko muna aurar da 'ya'yanmu ga Larabawa da Habashawa, sannan a ƙarshe, cikin ladabi dai, ko akwai sauran Hausa a bakinmu.

Galabat ƙaramin gari ne a jihar Gadarif, gabashin Sudan. Tsakaninmu da Matamma ta ƙasar Habasha wani rafi ne da 'yar gada, rafin da in rani ya yi ko akuya ba ta jiƙa ƙafa a cikinsa. Kana tsallakawa kuɗi sun tashi daga fam sun koma bir, ƙarfe bakwai na safe ta zama ƙarfe biyu, shekara kuma ta ja da baya da bakwai ko takwas, don su da nasu lissafin suke aiki. Mu da muka tashi a nan ba ma ko lura, sai baƙo ya yi magana.

Tun kafin Ingila da Sarki Menelik na Habasha su yi yarjejeniyar iyaka a 1902, mutanen yamma ne ke riƙe da kasuwar garin nan, daga na Darfur har na Barno da ƙasar Hausa. Takari ake ce musu a dunƙule. Ana cinikin gahawa da auduga da kakin zuma, ana kuma cinikin bayi, ba zan ɓoye maka ba. A filin nan ne rundunar Mahadi ta kara da Habashawa a watan Maris na 1889, inda sarkinsu Yohanis na huɗu ya samu raunin da ya yi ajalinsa. Muna yara in garma ta tono ƙashi a gona, tsofaffi sukan ce a mayar a rufe, ba a san na wane ɓangare ba ne.

Kakana bai ga wannan ba. Daga ƙasar Katagum ya taso a ƙafa, shekaru bayan yaƙin Burmi na 1903, yana bin sawun waɗanda suka yi hijira gabas. Ya zauna a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu, ya yi tsintar auduga a gonakin Jazira har ya tara guzuri, ya shiga jirgin ruwa a Sawakin. Ya yi hajjinsa, Malam, ya sauke farali, ya dawo. Ina nanata wannan ne saboda labarin da kuke bayarwa cewa mu zuriyar waɗanda guzuri ya ƙare musu a hanya ne. A dawowa ya ga baƙar ƙasa mai laka wadda dawa da riɗi ke so, ya ga masu jin maganarsa, ya ajiye sanda.

Mahaifina kuwa abin da bai manta ba har ya rasu shi ne 1940, shekarar da sojan Italiya suka tsallako suka kama garin a watan Yuli, Ingilishi suka dawo musu a Nuwamba da jirage. Ya ce kwana da kwanaki suka yi a daji, kakarmu na goye da ƙaninsa, tana ɗauke da tukunya ɗaya tal wadda ta ƙi bari. Tukunyar tana ɗakin yayata yanzu, ta tsage, amma ba mai taɓa ta.

Sai maganar aure, inda na san nan ne zuciyarka take. E, muna yi. Kakata ta wajen uwa Bahabashiya ce, Musulma, daga can gefen Gondar, kuma ta rasu tana tuƙa tuwon da ya fi na 'yan asalin. Abin da iyayenmu ke dubawa shi ne salla da hali da sana'a. Ku a Kano kuna aurar Fulani da Barebari da Buzaye, ban taɓa jin an ce Hausarku ta zube ba. Inda ciwon yake ma ba can kuke hange ba. Mu mun fi saurin bayarwa a kan a ba mu. Akwai gidajen da za su ci agashenmu, wato tsirenmu, su kawo yaro makarantar allon malaminmu, su nemi addu'a, amma ranar da ɗanmu ya je neman 'yarsu sai a tuna cewa Takruri ne, wato ɗan Takari. Ƙanina ya sha wannan, shekara biyu yana kai gaisuwa, daga baya ya haƙura ya auri 'yar kawunmu.

Haka batun jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na zaune a Sudan tun kafin 1898. Wa ya rubuta wa talaka takarda a wancan zamani? Mahaifina a nan aka yanke masa cibi, amma sai da ya yi ta safa da marwa da shaidu, wani ma'aikaci yana tambayarsa yaushe zai koma gida. To ga shi can ana ce mana baƙi, ku kuma kuna tambaya ko mu naku ne.

Hausarmu ta sha Larabci, ban musa ba. Muna cewa suk maimakon kasuwa, mustashfa maimakon asibiti. Amma shi asibitin naku daga bakin wa kuka karɓe shi? Matanmu na yafa tob, dogon mayafin matan Sudan, mazanmu na naɗa rawani a kan jallabiya, ana cin kisra, wata siririyar wainar dawa, da rana, da dare kuma tuwo ne da miyar kuka ko kuɓewa. Ranar suna ana yanka rago, wanzami na zuwa, ana raba godogodo, wanda in ka kurɓa za ka ce ai ɗan'uwan fura ne. Boko ne bai kama mu ba, karatunmu da Larabci ne, ni kaina a waya na koyi rubuta Hausa da waɗannan baƙaƙe, don haka ka yafe kuskure.

Inda zan sunkuyar da kai shi ne yaran da suka tashi a Khartoum. Ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, garin nan ya cika da masu neman tsallaka gada zuwa Matamma, 'ya'yan ƙanwata uku kuma suka sauka a gidanmu. Yayata ta kafa musu doka: wanda bai roƙi abinci da Hausa ba, ya jira. Ƙaramar cikinsu, mai shekara shida, ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure, a na uku ta zo bakin murhu da kwanonta ta ce, "Inna, a ƙara mini miya."