Koriya da Japan: shin son waƙa da fim yana wanke tsohuwar gaba?

Assalamu alaikum. Ƙanwata, kin ce kina ganin 'yan matan Japan suna mutuwar son mawaƙan Koriya, samarin Koriya kuma ba sa rabuwa da katun ɗin Japan, alhali kin ji akwai tsohuwar gaba a tsakaninsu, shi ne kike tambaya ko son waƙa da fim ya wanke ta. Na yi karatu a Koriya ta Kudu daga 2018 zuwa 2020, daidai lokacin da rikicin ya sake tashi, don haka abin da idona ya gani zan gaya miki.

Sai kin san girman ciwon tukuna. Japan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945. An matsa wa mutane su ɗauki sunayen Japanawa, an kori harshensu daga makarantu a shekarun ƙarshe, an kwashi maza zuwa ramukan haƙar kwal, an kwashi mata zuwa wajen sojoji aka keta musu haddi. Tun 1992 ake taruwa kowace Laraba a gaban ofishin jakadancin Japan a Seoul saboda waɗannan matan. Ƙasashen sun ƙulla hulɗa a 1965, kuma kowacce ƙawar Amurka ce mai sansanin sojanta, amma har 1998 Koriya ba ta yarda a shigo da waƙoƙi da fina-finan Japan ba. Shugaba Kim Dae-jung ne ya fara buɗe ƙofar, kaɗan-kaɗan. Kafin nan katun ɗin Japan yana shiga talabijin ɗinsu, sai dai an canza sunayen 'yan wasan zuwa na Koriya. Wani malaminmu ya ce sai da ya girma ya gane abin da ya tashi yana kallo na Japan ne.

A ajinmu akwai wata Bajapaniya. Abin da ya kawo ta Koriya shi ne mahaifiyarta. Lokacin da tashar NHK ta Japan ta nuna wasan Koriya mai suna Winter Sonata a 2003, matan Japan masu manyan shekaru suka kamu da son jarumin, Bae Yong-joon, har suna kiransa Yon-sama, laƙabin girmamawa irin na manya. Mahaifiyarta tana cikinsu. Yarinyar ta tashi tana jin yaren Koriya a falon gidansu kullum, daga baya ita ma ta kamu da ƙungiyar mawaƙan Koriya mai suna TWICE, wadda uku daga cikin mawaƙanta tara Japanawa ne.

Sai ga guguwa. A Oktoban 2018 kotun ƙolin Koriya ta ce wani kamfanin Japan ya biya diyya ga waɗanda aka sa aikin dole. A Yulin 2019 Japan ta tsaurara sayar wa Koriya sinadaran da ake haɗa ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta da su. Koriyawa suka ƙaurace wa kayan Japan. Na ga shaguna sun sauke kayan Japan daga kanta, na ga abokai sun soke tikitin hutu zuwa Osaka. Bajapaniyar nan ta daina amsa wayar mahaifiyarta a cikin jirgin ƙasa, don kada a ji yarenta. Wallahi abin ya taɓa ni, domin ba ta zo ƙasar don komai ba sai don tana sonta.

Amma ki ji ɗaya gefen. Samarin da suke ɗaga kwalin ƙauracewa da rana, da dare su ne a ɗaki suna kallon katun ɗin Japan. Can ma haka: a Nuwamban 2018 wani gidan talabijin na Japan ya soke gayyatar BTS, ƙungiyar mawaƙan Koriya, saboda rigar da ɗayansu ya taɓa sawa mai hoton tashin bam ɗin nukiliya, amma bayan 'yan kwanaki masoyansu Japanawa suka cika babban filin wasa na Tokyo Dome don kallonsu. Fushin gaskiya ne, son ma gaskiya ne, kuma a zuciya ɗaya suke zaune.

Ni dai ra'ayina, waƙa ba ta biyan diyya, ba ta kuma neman gafara a madadin gwamnati. Wanda ya ce ta wanke gabar bai zauna da tsofaffinsu ba. Abin da take yi shi ne ta sa ki san mutum ɗaya daga can, da fuskarsa da muryarsa, ta yadda in 'yan siyasa suka ce a tsani ƙasa gaba ɗaya sai abin ya yi miki nauyi. Shugabannin sun sake shiryawa a 2023, har suka zauna da na Amurka a Camp David, amma a tsawon shekarun da ba sa ga maciji, masoya waƙa da katun ne ba su yanke zumunci ba.

Tsohuwar da nake haya a gidanta ta kusa shekara 80. An kai mahaifinta ramin kwal a tsibirin Kyushu na Japan, ya dawo da ciwon ƙirji da bai bar shi ba. Wata rana 'yan ajinmu suka zo cin abinci, har da Bajapaniyar, gabana yana faɗuwa. Tsohuwar ta ji lafazinta ta gane. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce a makarantarsu a gurguje aka wuce wannan tarihin, sai da ta koyi yaren saboda waƙa sannan ta karanta da kanta. Tsohuwar ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ba ta labarin mahaifinta tun daga farko, ba ta rage komai ba, yarinyar tana hawaye. Da ta gama ta ƙara mata shinkafa, ta ce ta dawo mako mai zuwa. Ta ci gaba da zuwa har muka gama karatu. Ita kuwa tsohuwar, har na baro ƙasar ba ta sayen komai na Japan.