Fijon da ta shekara 14 a kwance ba da makulli ake tashinta ba

Ajiye batirin nan tukuna, yaro. Na ji abin da ka ce: "Oga, tunda injin bai fashe ba, me zai hana mu ɗaura batir, mu zuba fetur mu ji ko za ta tashi?" Za ta iya tashi. Abin da nake tsoro ke nan.

Jawo benci ka zauna. Wannan Peugeot 504 ce, ta mahaifin Alhaji, kuma tun da tsohon ya rasu aka tura ta ƙarƙashin darbejiya, shekara 14 ke nan. Alhaji ba haya zai sa ta ba, yana da motocin hawa. Sha'awa ce kawai, yana so ya ga motar da aka riƙa kai shi makaranta a cikinta ta dawo kan titi. Mai irin wannan aiki ba ya sauri, kai ma kada ka yi. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Zaro sandar awon baƙin mai ka duba. Ka ga akwai mai, ko? To duk yana can ƙasa cikin kwano. Tun shekarar farko ya tsiyaye daga jikin silinda da karanshaf, ƙarfe ya bushe ƙayau. Kowane inji in an kashe shi, akwai bawul ɗin da yake tsayawa a buɗe, ta nan raɓar damina 14 ta riƙa shiga tana zama a kan fistan. Ringi ya kama jikin silinda da tsatsa. Kana murɗa makulli, kik zai fizgi injin da ƙarfin tsiya, ringi ya karye ya kwarzane silinda, ko kuma bawul ɗin da ya maƙale ya lanƙwasa sandar da ke tura shi. Cikin daƙiƙa biyar ka jawo wa Alhaji aikin wata guda.

Saboda haka yau fulogi kawai za mu cire. Amma kafin ka taɓa wayoyin, ɗaura wa kowace alama. Faransawa daga baya suke ƙirga silindarsu: lamba ɗaya tana can wajen giyabos, ba wajen lagireto ba. Jerin wutar 1-3-4-2 ne. In ka ɗauki ta gaba a matsayin ta ɗaya kamar yadda ka saba a Toyota, wuta za ta je wa silinda ba a lokacinta ba, motar ta yi ta tari tana harbi ta kafireta, kai kuma kana zagin kwanta, ƙananan ƙarafan nan biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don a ba fulogi wuta. Busa ƙurar da ke bakin ramin fulogi kada ta faɗa ciki, sannan ka tsiyaya baƙin mai da ɗan man dizal a kowane rami, kamar cokali biyu. Mu bar ta ta jiƙa kwana uku. Ran na huɗu za ka sa sufana a notin fulin karanshaf ka juya da hannu, a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. In ta ƙi, ba a sa mata dogon bututu a danna. A ƙara mai, a ƙara kwana.

Kafin nan akwai aiki. Buɗe tanki ka shinshina. Wannan warin kamar na tsohon fenti shi ne fetur da ya ruɓe ya zama danƙo, kuma in ya bi layi ya shiga kafireta duk ƙananan ramukan toshewa za su yi. Tankin sauke shi za mu yi a wanke, ranar gwaji kuwa da galan mai tsabta za mu ba ta fetur. Leƙa gidan iya kilina ma, ban taɓa buɗe na motar da ta daɗe a ajiye ban tarar da sheƙar ɓera ko gidan zanzaro ba. Wayoyin da ɓera ya gwaguya mu bar wa rewaya, don waya tsirara da sabon batir gobara ce.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe da kyau, don nan ne Fijo ta bambanta da injunan da ka taso a kai. Injin nan mai cc 1971, wanda ka ga ya kishingiɗa gefe guda, silindarsa ba a jikin bulo aka haƙa ta ba. Kowace silinda kwanso ce mai zaman kanta, laina muke ce mata, ana zura ta a ciro ta, ruwan lagireto yana zagaye ta kai tsaye. A gindinta akwai siririn sil da ke raba ruwa da baƙin mai, kuma kan inji ne yake danne ta a wurin. Wannan dabara ita ta sa motar ta yi ƙarko a ƙasar nan: silinda ta cinye, a sa sabuwar laina da fistan, inji ya koma sabo ba tare da an kai bulo wurin masu gurza ba. Amma kana cire kan inji, ba abin da ke riƙe da lainar sai nauyinta. In ta kama sai mun buɗe, ba a ɗaga kan sama kai tsaye, girgiza shi ake yi gefe har gasket ya saki. Yana sauka ka danne lainonin da manyan washa da noti, kafin kowa ya taɓa karanshaf.

Ni da kaina na yi wannan ɓarnar ina kamar shekarunka. Maigidana ya cire kan wata wagon ya tafi sallar la'asar, ni kuma don in burge shi na juya inji in goge saman fistan. Laina biyu suka ɗan ɗago, ko kaurin farce bai kai ba, na mayar da su na yi shiru. Aka haɗa inji, direba ya yi lodi ya kama hanyar Zariya. Washegari sai ga motar an jawo ta da igiya. Da aka zaro sandar awo, baƙin man ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Maigida bai doke ni ba. Sa ni ya yi na sauke injin ni kaɗai, yana zaune yana kallo, kwana biyu.

In ta juya da hannu lafiya, sai mu zubar da tsohon mai, mu sa sabo da sabuwar filta, mu saita kwanta a milimita 0.40. Sannan ne batirinka zai yi amfani, shi ma ba fulogi a ciki: a yi ta kik kaɗan-kaɗan har jar fitilar mai ta mutu, alamar mai ya zaga ko'ina. Ko ta tashi, ba za ta fita ƙofar garejin nan ba sai an sake man birki da robobinsa, don man birki yana shan ruwa in ya daɗe, tayoyin nan kuwa duk da zanensu bai cinye ba sun tsattsage.

Wani abu kuma: kada in ga ka jefar da komai. Jiya na ji kana cewa a sa mata kafiretar zamani. Wannan Solex ce, da ita ta zo, wanke ta za mu yi. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, kamfanin da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa Fijo a 1975, kuma bayan Turai ta daina yin 504 mu nan muka ci gaba har bayan shekarar 2000. Shi ya sa kayan inji ba sa wuya, in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka samu. Abin da ke wuya shi ne ƙananan nan da ka raina: hannun ƙofa, gilashin fitilar baya, ɗan zakin da ke gaba. Kowanne ka kwance, sa shi a leda ka rubuta inda ya fito.

Alhaji ya riga ya zaɓi kalar fenti, na ce masa ya riƙe kuɗinsa, sai fanel bita ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan nan na wajen ƙafar direba ya yi walda tukuna.

Tashi ka ɗauko sufanar fulogi, doguwar, tana cikin jar akwati. Ka zo da alli ma don wayoyin.