Amsoshin tambayoyinku: Wane kaurin kebul ya dace a ja zuwa gareji?

Wani magidanci daga Jidda ya rubuto cewa ya gina gareji a bayan gida, tazarar mita 40 daga babban akwatin wuta, yana so ya sa fitilu, da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) guda, da kwamfuresar hura taya, amma hankalinsa bai kwanta ba saboda masu gyaran wuta biyu sun ba shi shawara mabambanciya, ɗaya ya ce kebul mai kaurin mili 4 (wato murabba'in milimita 4), ɗaya ya ce mili 10.

Malam, ka kyauta da ka tsaya ka tambaya kafin ka fitar da riyal ɗinka, kuma na biyun ne ya fi gaskiya. Wuta tana raguwa gwargwadon tsawon kebul da nauyin da aka ɗora masa. Idan muka ƙaddara kayanka za su ja amfiya 32 a kan volt 230, kebul na jan ƙarfe mai mili 4 zai zubar da kusan volt 14 a mita 40, mai mili 6 ya zubar da 9 da ɗoriya, mai mili 10 kuwa bai kai 6 ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada asarar ta wuce kashi 3 cikin ɗari ga fitilu (kusan volt 7 ke nan a kan 230), kashi 5 ga sauran kaya (volt 11 da rabi). Sannan jadawalin nauyin da kebul ke iya ɗauka, wanda masana'antu ke bugawa, an gina shi ne a kan zafin digiri 30, alhali kowa ya san yadda bango yake ɗaukar zafi a nan lokacin bazara. A digiri 50 kebul mai rigar PVC yana rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa. Saboda haka ka sayi mili 10.

Sai dai duk wannan lissafi banza ne idan abin da ke cikin rigar jabu ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna. Mutanenmu suna kashe dubbai a tayil da ƙofa, amma idan aka zo kan wuta sai a nufi kasuwar gwanjo neman araha. Akwai kebul na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, akwai kuma wanda aka rubuta masa mili 10 alhali siririn da ke ciki bai kai ba. Ƙarfin alminiyam wajen wuce da wuta kusan kashi 61 cikin ɗari ne kawai na jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi, don haka yana zafi, bakinsa ya saki a wurin ɗauri, rigar ta narke cikin bango inda ido ba ya gani. Ka kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, ka ajiye musu kayansu. Ka duba sunan masana'anta da kaurin da aka buga a jikin rigar, ka nemi shaidar SASO, hukumar tabbatar da ingancin kaya ta Saudiyya, ka karɓi rasit. Masana'antu irin su Riyadh Cables da Alfanar da Bahra suna da dillalai a manyan garuruwa, babu uzurin sayen abin da ba a san asalinsa ba.

Wani matashi daga Makka yana tambaya ko zai iya jona wayar ƙari daga soket ɗin kicin ya tsallaka da ita ta kan katanga, tunda walda kaɗan zai riƙa yi. A'a, kuma bai kamata mai hankali ya yi wannan tambaya ba. Injin walda yana buƙatar layinsa da birekarsa.

Wata baiwar Allah daga Madina kuma tana tsoron jikokinta da ke wasa a tsakar gida inda kebul zai bi. Hajiya, tsoronki yana kan hanya. A sayi kebul mai sulken ƙarfe, a binne shi zurfin aƙalla rabin mita a kan shimfiɗar yashi, a sa ledar gargaɗi a samansa kafin a mayar da ƙasa. Ki kuma tsaya sai mai aikin ya haɗa wayar ƙasa, wato earth, ya sa bireka mai katse wuta idan ta yi yoyo, ta miliamfiya 30, ya danna maɓallin gwajinta a gabanki kafin ki biya shi.